Jan Zobe a Bangon Zaurenmu

Ni ɗan fari ne, shi ya sa na kai shekara ashirin da bakwai a duniya mahaifiyata ba ta taɓa duban idona ta yi mini magana ba. Kunyar ɗan fari a Agadas ta wancan zamani ba wasa ba ce, Inna kuwa ta riƙe ta fiye da kowace mace a unguwarmu. Ba ta kiran sunana, ba ta zama inda na zauna, in kuma tana da magana da ni sai ta juya ta fuskanci jar akuyarta da ke ɗaure a gindin turke.

"A gaya ma mai biro tuwo nai na ƙarƙashin faifai," haka za ta ce wa akuya, ni ina tsaye taku biyu daga gare ta.

Ni ma da na girma sai na koyi amsawa ta wannan hanya. In ce wa akuya na gode, akuya ta ci gaba da tuƙa. Akuyoyin sukan tsufa a yanka, a sake wata ja, aikin bai canza ba. Wadda ta ga abin da zan ba da labari ita ce ta huɗu da na sani, kuma duk cikinsu ta fi rashin mutunci.

Mahaifina magini ne, ya rasu tun kafin a sauke tutar Faransa. Abin da ya bar mana mafi daraja shi ne zauren gidanmu, wanda ya gina da hannunsa, da tubali da azarar goruba. Zauren ya turo ƙirji cikin lungu har taku uku, dole lungun ya karkace ya kewaye shi. Da gangan ya yi haka, don a sami inuwar la'asar a gefen gabas. Bayan rasuwarsa a nan Inna take zama da faifan dabino da cuku tana sayarwa. Kowace shekara kafin damina ita take yaɓe bangon da kanta, ba ta yarda ko ƙannen mahaifina magina su sa hannu. In ta gama sai ta bi da yatsu huɗu tana jan zane mai lanƙwasa tun daga inda hannunta ya kai har ƙasa. Ko daga nesa ka hango bangon ka san namu ne.

Ni kuwa lakwal, wato makarantar boko, aka kai ni, na fito na iya rubutu da Faransanci, aka ɗauke ni aiki a biron gari, wato ofishin hukuma. Ina da wando irin na Turawa guda biyu da alƙalami a aljihun gaba, kuma a lokacin ina ganin in ba don irina ba ƙasar nan ba za ta motsa ba. Shugaban bironmu mutumin bakin kogi ne, daga wajen Yamai aka turo shi, kowa Mushe yake ce masa, wato Malam a bakin Faransawa. Mutumin kirki ne, sai dai rairayi da zafi sun sa ya tsani duk abin da zai fitar da shi daga ƙarƙashin rufi.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, wata ranar Talata, jirgi ya kawo mana wata doguwar takarda a naɗe. Taswirar Agadas ce, an zana ta daga hoton da aka ɗauka ta sama. Mushe ya shimfiɗa ta a kan tebur, muka danne gefunan da duwatsu. Na daɗe ina kallo ban gane garin da aka haife ni ba, don daga sama duk rufin ƙasa iri ɗaya ne, lungunan da aka rufe da azara ma ba su fito ba sam. Abin da ya fito sarai shi ne wani jan layi miƙaƙƙe wanda ya taso daga kasuwa ya ratsa tsakiyar unguwarmu ya nufi filin jirgi. Wanda ya ja shi bai taɓa zuwa Agadas ba, amma hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan.

Aka yi taro kwana biyu a kan wannan layi. Ranar farko ta ƙare a kan wa zai zauna kusa da wa. Rana ta biyu aka yi muhawara mai zafi a kan itatuwan da za a dasa a gefen hanyar, ko dogon yaro ko wani abu mai fure, har wani ya tambaya da wane ruwa za a shayar da su. Mushe ya ce maganar ruwa tana cikin takarda ta biyu, wadda ke ɗauke da tsarin pampo, ita kuwa ba ta iso ba tukuna. Game da mutanen da layin ya bi ta ɗakunansu, abu ɗaya aka yanke: kada a gaya musu komai sai Yamai ta sa rana, don kada hankali ya tashi. Ni na rubuta wannan da hannuna a littafin taro, na ja layi a ƙarƙashinsa.

Bayan mako biyu mai awo ya zo, wani siririn mutum mai tabarau, da na'urarsa mai ƙafa uku. Mutanen unguwa suka ɗauka hoto ake yi. Ranar farko bai auna komai ba, don duk inda ya kafa ta sai tsofaffi su fito da manyan riguna su jeru a gabanta. Da ƙyar aka lallashe su. Aikina shi ne in bi shi da gwangwanin jan pantir, wato fenti, duk bangon da ya nuna in sa masa alama. Mashafin bai zo tare da gwangwanin ba, sai na ɗaura tsumma a kan kara. Mai awo ya so a yi gicciye, mai unguwa ya ce awo dai a yi, amma ban da gicciye a bangon Musulmi. Aka shirya a kan zobe, ja, girman faifai.

Mai awo yana rubuta lamba a littafinsa, ni ina zagaya zobe. Sunayen masu gidajen bai dame shi ba, ya ce ai alama tana jikin bango, bango kuwa ba ya tafiya. Tun rana ta biyu na ga inda igiyarsa ta dosa, na riƙa fatan ta gaji ta kauce. Rana ta uku da hantsi ya leƙa na'urarsa, ya ɗaga hannu ya nuna zaurenmu. Taku ukun nan da mahaifina ya ci daga lungu su ne suka tare hanyar gwamnati.

"Diz-nef," in ji shi, wato na goma sha tara, shi ne kuma na ƙarshe.

Inna tana zaune a ƙofa da faifanta. Na tsoma tsumma na zagaya zobe a kan zanen yatsunta, ina jin kamar a fuskata nake shafawa. Ba ta ɗago kai ba. Mai awo ya sayi dabino a wurinta, ya yaba, washegari ya hau jirgi da littafinsa.

Maƙwabcinmu na hagu wani tsohon dillalin gishiri ne, abokin mahaifina, wanda duk ayarin da ya dawo daga Bilma sai an sauke wani abu a ƙofarsa. Baba nake ce masa, kuma shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Gidansa ne na goma sha takwas. Da la'asar ina wanke hannu da kananzir ya kira ni.

"Ɗana, zo nan. Wanga zoben da ka yi ma bangona, na mi ne?"

Da wani ne daban da na ce sirrin biro ne na wuce. Amma wannan tsoho ya ɗauke ni a kafaɗa ya kai ni kallon raƙuma, ga shi yana dubana da fara'a yana jiran alheri. Na kasa. Na tuna da takarda ta biyu da ba ta zo ba, na buɗe baki na yi ƙaryar da har yau nake jin kunyarta.

"Baba, nan ne bututun pampo zai shiga."

Ya dubi zoben, ya auna faɗinsa da hannu. Ya ce lalle bututun babba ne. Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa, ya ce haba, shi da ya riƙe asirin Buzaye da 'yan kasuwa shekara arba'in. Kafin sallar isha'i labari ya kai kasuwar raƙuma.

Wanda bai zauna Agadas a lokacin ba, ba zai san abin da kalmar pampo take yi wa zuciya ba. Ruwa a bayan jaki yake zuwa, cikin salka, daga rijiyoyin bakin ƙoramar Telwa, kuma mace takan yi wanka da abin da bai cika ƙwarya ba. Gida goma sha tara sun wayi gari sun zama manya. Baba ya sa aka haƙa masa ɗan kwarmi a tsakar gida, ya aika aka samo masa dashen lemun tsami daga lambunan dutse. Wata tsohuwa da ke da zobe ta fara zaɓen waɗanda za ta bari su ɗebi ruwa a gidanta da waɗanda za su ci gaba da bin jaki, ta kuwa faɗa musu tun da wuri don su san matsayinsu.

Waɗanda ba su samu ba suka dawo kaina. A hanyar biro a tare ni, a masallaci a matso kusa da ni. Wani ya tuna mini kakarsa da kakata rijiya ɗaya suka sha. Wata ta aiko mini da kwanon fura har kwana uku a jere ba tare da ta ce komai ba. Na ce gwangwani yana kulle a biro, ba ni da iko. Sai suka daina damuna, na ɗauka sun haƙura.

Ashe dukawa suka nufa. Dukawan unguwarmu suna da jan rini na karan dafi da suke rina fata da shi, kuma in aka dama shi da kauri aka shafa a bango, daga nesa ba ka raba shi da na gwamnati. Wata safiya na fito na ga zobe a bangon da ban taɓa ba. Washegari biyar. Kafin mako ya zagayo duk inda ka juya jan zobe ne, wani ƙarami, wani kamar bakin rijiya, don mai gidan yana son ruwa da yawa. Wani mai mata uku ya yi uku. Har bangon makabarta na ga an yi wa ɗaya, ban san wa ya tausaya musu ba.

Gidan da ke fuskantar namu, tsallaken lungu, na wani direban babbar mota ne mai zuwa Damagaram. Shi bai bi ta kan dukawa ba. Ya ɗebo jan pantir na gaske a garejin mai motarsa, ya kifa faifai a bango ya zagaya, ya fito da zoben da ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ya bar wa matarsa sallahu ta kula da shi, ya yi tafiyarsa.

Bango ɗaya ne kawai a unguwar babu ja a jikinsa, shi ne namu. Tun washegarin ranar da na shafa, da sassafe, na fito na tarar Inna ta kwaɓa ƙasa ta yaɓe wurin, ta ja yatsunta a kai, alhali damina da sauran wata uku. Mata suka yi ta zuwa suna yi mata faɗa, wai ta toshe wa kanta ruwa, ɗanta a biro amma ita za ta mutu tana bin jaki. Ta ci gaba da sayar da dabinonta. Ni kuwa ba ta ce mini komai ba, ko ta bakin akuya. Abin da na lura kawai, tuwona yana komawa kamar yadda aka kawo shi, ita kuma tana ɗauke kwanon ta duba ta rufe.

Na yi niyyar gaya mata gaskiya ya fi sau goma. In tsaya gaban akuya in gyara murya, akuya ta dube ni da idon nan nata na raini, in ce mata ana zafi yau, in wuce.

Ana nan sai waya ta zo daga Yamai, an sa lokacin fara aiki. Mushe ya sa hularsa ya ce mu je ya ga gidaje goma sha taran da idonsa. Muka fita da gardi biyu, dogaran biro, da mai unguwa. A bakin lungun farko ya fara ƙirga, yana tafe yana nunawa da sanda. Da ya wuce talatin ya rage sauri. Da ya wuce saba'in ya tsaya, ya cire hula ya share gumi, ya juyo ya dube ni.

"Hanya muka ce za mu yi, ko garin za mu ɗauke gaba ɗaya?"

Na ce mutane ne suka ƙara nasu. Ya tambayi dalili, na ce ƙila sha'awa. Ɗaya daga cikin gardin, wanda ubansa baduku ne, ya lakaci wani zobe da yawu, ya nuna yatsansa ja. Ya ce rini ne, ruwa na wanke shi, pantir kuwa ba ya fita. Nan take Mushe ya sa aka tsayar da mai jakin ruwa, aka cika butoci.

Ban taɓa ganin biki irin na wannan rana ba. Gardi yana gaba da buta, mu muna biye, unguwa duka tana bayanmu. A watsa wa zobe ruwa, in ya zubo ja kamar an yanka kaza, jama'a su kwashe da dariya, mai gida ya sunkuyar da kai ko ya ce yara ne. In ya tsaya daram, mata su rangaɗa guɗa, a riƙa yi wa mai gida barka. Mai mata uku aka wanke nasa uku a jere, kowace tana leƙe ta bayan ƙofa. Da aka zo na Baba ya karɓi butar da kansa ya sheƙa, ya ƙara, ya juyo yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Na direba ma ya tsaya, har ƙyalli yake yi.

Mushe ya ƙirga waɗanda suka tsaya. Goma sha tara cif. Sha takwas nawa, ɗaya na direba. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce lissafi ya fito, ya dubi lungun ya ce ashe hanyar ta wancan gefen za ta ci. Muna tsaye daidai tsakanin zaurenmu da gidan direba. Nan take na gane in na yi shiru zauren mahaifina ya tsira, kuma ba wanda zai ce na yi ƙarya, ban dai yi magana ba ne.

Sai Mushe ya ce tunda ga jama'a a tare, in sanar da su abin da ake ciki. Na hau dakalin Baba. Na faɗa musu babu pampo, ni na ƙaga, hanya ce za ta bi, kuma duk bangon da zobensa ya tsaya za a rushe shi, wani a ci zaure, wani a ci ɗaki, a ba mutum fili a bayan gari in yana so.

Waɗanda aka wanke nasu, da suke ta sunkuyar da kai, suka fara miƙewa suna gyara rawani. Tsohuwar da ta gama raba ruwa ta zauna a ƙasa. Nan da nan masu zoben gaske suka shiga rantsuwa cewa su suka shafa nasu da kansu, wani har yana kawo shaidu. Baba bai yi rantsuwa ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, lemun ya kama." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Matar direba ta fito da goyo tana cewa wallahi mijinta ne ya yi nasu, da faifai, ga faifan ma har yanzu da ja a bakinsa. Ita kaɗai ce mai gaskiya a cikin masu rantsuwar, kuma ba wanda ya saurare ta, don kowa abin da yake faɗa ke nan. Mushe ya gaji, rana ta take. Ya nuna bangon direba da sanda ya tambaye ni, "Wannan, kai ka yi shi ko ba kai ba?"

Ina so in rubuta cewa nan take na amsa. Ban amsa ba. Na dubi ƙasa, na dubi sandar. Ban san iyakar abin da zan kai ba da aka bar ni.

Sai ga Inna ta fito daga zaure, igiyar akuya a hannun hagu, sakaina a hannun dama. Ta ratsa maza ba ta dubi kowa ba, ta tsaya gaban bangonta ta fara kankare sabon yaɓen. Ƙasa tana zuba, ja yana fitowa, har zoben ya bayyana duka, karkatacce, da ɗigon da ya gangaro daga tsummana. Ta karɓi buta a hannun gardi ta watsa masa. Ya tsaya. Sannan ta juya ga akuya, ta yi magana yadda na bayan layi ma zai ji.

"A gaya ma Mushe ga na sha taransu nan. Na rufe shi don ba ni son ƙazanta ga bangona, ban rufe shi don a kashe ɗakin ɗiyar mutane ba. A kuma gaya ma mai biro tun ran farko na sani. Wanda ya kawo ma uwa tai ruwa ba shi kasa cin tuwo."

Mushe ya tambayi mai unguwa da wa take magana. Mai unguwa ya ce da akuya. Mushe ya buɗe baki zai sake tambaya, ya fasa, ya mayar da hularsa.

A biro an yi mini faɗa, an rubuta takarda an sa a cikin tarihin aikina, ba a kore ni ba don babu wani mai rubutu da kyau kamar nawa. A unguwa kuwa na zama Mai Pampo. Yara in sun gan ni su riƙa miƙo ƙwarya. Na je gidan Baba na durƙusa, ya ce ya yafe, amma da sharaɗin ni zan riƙa shayar da lemun. Na shekara shida ina yi.

Kwana biyu kafin ranar rushewa na dawo daga aiki na tarar Inna a kan turmi tana yaɓe zauren gaba ɗaya, ciki da waje. Ƙannen mahaifina suna tsaye suna ce mata wahalar banza ce, bangon da jibi zai kwanta. Ta ce wa akuya ba za a tara baƙi su ga zauren mijinta da zobe a goshi ba. Ta ja zanen yatsunta tun daga sama har ƙasa, ya fi na kowace shekara kyau.

Ranar, da hantsi, ma'aikata suka iso ƙofarmu bayan sun gama da na Baba. An fitar da tabarmi da faifai, an kwance ƙofa. Ina tsaye gefe da littafi a hannu, don aikina ne in rubuta an yi. Babban ma'aikacin ya tofa yawu a tafin hannu ya ɗaga hauya. Inna ta ɗaga masa hannu ya dakata. Ta shiga ciki ta fito da tsohuwar hauyar mahaifina. Na duba bayanta ina neman akuya, babu akuya, tana can ɗaure a turke. Ta tako har gabana, ta dubi tsakiyar idona, ta miƙo mini.

"Kai za ka fara. Ubanka ya gina shi, baƙo ba shi fara sara."

Wannan ce magana ta farko da ta taɓa yi mini baki da baki. Na ajiye littafin gwamnati a ƙasa na karɓa. Yaɓen bai gama bushewa ba, hauyar ta shige cikin zanen yatsunta ba ƙara. Na yi kuka a gaban ma'aikata da gardi da yaran da ke ce mini Mai Pampo, ban kuma ji kunya ba. Da yamma ta koma wa akuya, ta ce a gaya ma mai biro tuwo na nan, in ya ga dama yau ya ci.

Hanyar ta wuce ƙofarmu da kamar taku ɗari ta tsaya, don an canza wanda ke kula da tsarin a Yamai, sabon kuma ya fi son ta bi ta bayan gari. Ba a dasa itace ko ɗaya ba. Takarda ta biyu ta iso bayan na yi aure har na haihu, pampon da ke cikinta kuma a wata unguwa aka kafa shi. Filin da aka share ya zama wurin da raƙuma ke durƙusawa in ayari ya shigo, abin da ya yi wa Baba daɗi ƙwarai, don yanzu har ƙofarsa ake sauke masa gishiri.

Inna ba ta bari an kwashe ƙasar zauren ba. Magina sun san tsohuwar ƙasa ta fi sabuwa ƙarfi, ita ma ta sani. Ta sa aka tara ta a tsakar gida, aka ja sabon bango daidai kan igiyar gwamnati, ba ta ci ko yatsa ɗaya ba. Amma kowace shekara kafin damina sai ta ɗebi wannan ƙasa ta yaɓe bangon ta waje, da kauri, kaurin da babu maginin da zai yarda da shi. Na gani, ni ma'aikacin biro, na kawar da kai. Shekara goma sha huɗu tana yi.

Bayan an yi sadakar bakwai ɗinta na ɗauko ma'aunin biro na auna daga tsohon turken mai awo, wanda har lokacin yana nan a binne. Taku uku aka karɓe mata, ta maido taƙi ɗaya da yatsu huɗu. Ƙasar da ta rage a tsakar gida tana da yawa, ni nake yaɓen yanzu, kuma hannuna ya fi nata nauyi.